Gurbin da aka bar mini a Akra

A watan Agusta na 2019 na bar Kano zuwa Legas, daga can na hau doguwar motar Akra. Iyaka uku muka tsallaka: Seme, sai ta Benin da Togo, sai Aflao, kowace sai an sauko an nuna fasfo da katin allurar shawara. Cikin dare muka isa, ƙafafuna sun kumbura. A Nima na sauka wajen wani ɗan garinmu, unguwar da za ka yi cefane da Hausa daga farko har ƙarshe.

PyCon Africa ne ya kai ni, taron farko da ya haɗa masu rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python daga faɗin nahiyar, a Jami'ar Ghana da ke Legon. Watana takwas kacal da fara koyo, ban san kowa ba.

Zaman sauraron jawabi bai dame ni ba, kujera ce kowa da tasa. Lokacin shan shayi ne gabana ya faɗi. Mutane sun tsaya rukuni-rukuni ana ta dariya, ni kuwa na rakuɓe jikin bango da kofi a hannu, ina latsa waya ba tare da ina karanta komai ba. Can na hango wasu mutum biyar a tsaye, amma ba su rufe da'irarsu ba, sun bar wajen tsayuwar mutum ɗaya. Wani ɗan Kenya ya yafito ni ya ce in matso. Ina shiga, na kusa da ni ya ja baya kaɗan, wani gurbin ya sake buɗewa.

Daga baya ɗan Kenyan ya gaya mini da gangan suke yi. Ƙa'idar Pac-Man ake kiranta, wani mai rubuta manhaja, Eric Holscher, ne ya yaɗa ta: a tsaya kamar bakin Pac-Man, ɗan dodon nan na wasan kwamfuta, kullum a buɗe. Abin ya tuna mini da bismillar da ake yi wa baƙo in ya tarar ana cin tuwo. Tambayar da suka fara yi mini ma ta kwantar mini da hankali. Ba su ce ina kake aiki ba, sun ce me kake son ginawa? Na ce manhajar lissafin bashi don shagon yayana a Kantin Kwari. Nan take ɗayansu ya ciro kwamfutarsa, muka zauna a matakala ya nuna mini yadda Django, wani kayan aikin gina manhajar intanet da Python, ke ajiye bayanai.

Washegari na ga wani matashi ɗan Togo jikin bangon nan, Turancinsa bai da yawa, Faransancina kuma babu. Na ja baya taku ɗaya, na yafito shi.