Na bi gajimare daga San Diyego har San Faransisko

Jakar da na haɗa don wannan tafiya kaf ɗinta kayan zafi ne, riguna marasa nauyi da tabarau har da hular rana, don dai an ce min watan Yuli ne kuma Kalifoniya za ni. Ɗan yayata da ke karatu a can sai da ya faɗa min a waya, ya ce Kawu ka taho da rigar sanyi fa, na ce rigar sanyin me a tsakiyar lokacin zafi, ashe yaron ya fi ni gaskiya.

A San Diyego muka fara. Da safe na ɗaga labulen otal ina jiran in ga teku shuɗi, sai na tarar sama ta rufe ruf, toka-toka, kamar an kife gari da faifai. Ba hadari ba ne, babu iska babu tsawa, gajimare ne kawai ya sauko ƙasa-ƙasa ya shimfiɗe. Na ce shi ke nan yau ruwa za a yi. Yaron ya yi dariya ya ce in ba shi zuwa ƙarfe goma. Wallahi kafin sha ɗaya abin ya fara yagewa daga ɓangaren tudu, kafin azahar ya janye can cikin teku ya tsaya kamar bango, da magariba kuma ya sake lallaɓowa. Kwana biyu muka yi, kullum haka, kamar ma'aikacin da ke sa hannu a rajista. Wai ma na zo a ƙarshensa ne, a nan kudu Mayu da Yuni ne ya fi kauri, har suna suka sa masa, May Gray da June Gloom, wato toka-tokar Mayu da duhun Yuni, kuma wata rana sam ba ya ɗagawa.

Muka ɗauki motar haya muka nufi arewa. Los Anjelas ba mu daɗe ba, go-silo ya ishe ni. Abin da na riƙe daga can shi ne bayanin da yaron ya yi min muna maƙale a titi, cewa masu bincike sun duba bayanan filayen jirgin sama na shekaru da dama sun ga hazon safiya ya ragu sosai a yankin, saboda kwalta da siminti suna riƙe zafi cikin dare, iskar ƙasa ba ta yin sanyin da raɓa za ta haɗu, sai gindin gajimaren ya ɗaga sama. Birni ya kori hazonsa da kansa ke nan.

A hanyar Highway 1 wajen Big Sur ne na fara gane yadda abin yake. Titin manne yake da dutse, teku na ƙasa ta hagu, ka shiga kwana ɗaya rana tar, ka fito wata kwanar sai ka tsinci kanka cikin fari fat, dole a kunna fitila da waifa. Mun tsaya wani wuri mai tudu na leƙa, babu teku ko kaɗan, gajimare ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu iya ganinka, samansa a baje daidai kamar an bi shi da magogi, ana jin ƙarar igiyar ruwa daga ƙasa amma ba a ganinta. Wannan bajewar ce ta ɗaure min kai. Ashe murfi gare shi. Ruwan gaɓar nan sanyi ne da shi, igiyar ruwa ce ke gangarowa daga arewa, ga kuma iskar arewa maso yamma da ke tura ruwan da ke sama-sama can cikin teku sai na can ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Iska mai laima ta ratsa kan wannan ruwa ta yi sanyi ta zama gajimare. A samanta kuma akwai wata iska mai ɗumi busasshiya da ke saukowa tana danne ta, to gajimaren ba shi da hanyar hawa, sai dai ya bazu. Na sa ƙafa a ruwan a Monterey, ko minti ɗaya ban yi ba na fito ina salati.

San Faransisko kuwa nan ne hedikwatar hazon, kuma Yuli da Agusta ne lokacinsa, wato hazon hawa arewa yake yi a hankali yayin da watanni ke tafiya, mu ma kusan bin sawunsa muka yi. Gadar Golden Gate da na yi shekaru ina gani a hoto, wadda aka buɗe a 1937, ginshiƙanta mita 227, ranar farko ban ga komai nata ba sai ƙarfen da nake dafe da shi, ja, jiƙe sharkaf, da wani ƙaho mai gurnani da ake busa wa jiragen ruwa. Haƙorana na karo. A nan na sayi rigar sanyin dole mai sunan garin ɓaro-ɓaro a ƙirji, na waiwaya na ga rabin baƙin da ke kan gadar irinta ce a jikinsu, yaron ya ce Kawu ai da ita ake gane ku. Dalilin da hazon ke kwararowa ta nan shi ne can ciki wajen Sakaramento rana na gasa ƙasa, zafi ya wuce digiri 30 hankali kwance, iskar can ta tashi, ta teku ta ruga ta cike gurbin, kuma mashigar tekun da gadar ta ratsa ita ce ƙofar da ta fi buɗewa a jerin duwatsun gaɓar. Mun hau dutsen Tamalpais da la'asar, mita 784, muka cire rigunan sanyi saboda zafi, muna kallon hazon yana malalowa ta kan tsaunuka kamar madarar da ta tafasa ta zubo.

Inda ya fi taɓa ni shi ne dajin Muir Woods. Itatuwan redwood ne, dogayen da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu, danginsu a can arewa akwai wanda ya haura mita 115. Watanni ba a yi ruwan sama ba don a yankin da hunturu ake ruwa, amma ƙasan itatuwan a jiƙe, ɗigo na faɗo min a wuya tsul tsul. Ganyen ne ke tace hazon, ya taru ya ɗiga, itacen ya sha, ƙananan tsirran ƙasa ma su samu. A 2010 wasu masana biyu na jami'ar Berkeley, Johnstone da Dawson, sun yi amfani da bayanan filayen jirgin Arcata da Monterey suka kiyasta cewa hazon lokacin zafi a gaɓar arewa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da farkon ƙarni na 20. Ba a miƙe raguwar take ba, shekarar da teku ya yi sanyi gajimaren ya ƙaru, wadda ya yi ɗumi ya ja baya. Ni da nake ta mitar hazo ya hana ni ɗaukar hoto, sai na ji kunya ta kama ni a gaban itace.

Ranar ƙarshe muka je Point Reyes, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take tun 1870. Ba a kan ƙololuwar dutsen aka gina ta ba, sai ka sauka matakala sama da 300, da gangan aka yi ta ƙasa don haskenta ya bi ta ƙarƙashin hazon. Saukar ba wuya. A hawowa ne gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, na zauna hutawa sau uku, tabarau na ya yi raɓa ina gogewa da gefen riga, yaron yana can sama ina jin muryarsa yana kiran Kawu Kawu amma ko inuwarsa ba na gani.