In an kashe ka, kwance zarenka ka huta

Ƙannena masu tasowa a fagen dambe, duk wanda ya daɗe yana ɗaure hannu wata rana sai an kai shi ƙasa. Wannan ba abin da zan tsaya ina lallashinku a kansa ba ne, kun sani. Abin da ba a gaya mana ba muna samari shi ne abin da mutum zai yi a kwanakin da suka biyo bayan kisan, wato kai shi ƙasan da aka yi, kuma a nan ne ni na cuci kaina.

Wani bahago ne ya kashe ni a damben kaka, a turmi na biyu. Na tashi da ƙafata, na yi dariya, na kama hannunsa na ɗaga. An ce har hira na yi a mota, amma har yau ban tuna yadda muka iso gida ba. Da asuba na yi amai. Kaina kamar zai tsage, hasken rana ma ba na son gani. Ban gaya wa kowa ba, don a mahauta tun kafin in ajiye wuƙa an fara tsokanata, makaɗi kuma ya riga ya sa sunan yaron a kalangu. Kafin kasuwa ta zagayo na sake ɗaure zare, na haɗiyi ƙwaya don ciwon ya lafa, ina ta raya wa kaina cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Naushin da ya kai ni ƙasa a karo na biyu bai kai rabin na farko ba. Daga nan kunnena na hagu ya fara ƙara, bai daina ba har yau. Mantuwa ta shigo, da saurin fushin da iyalina suka fi kowa ɗanɗanawa.

Sai da na manyanta wani likita ya yi mini bayanin abin da ya faru. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, tana cikin ruwa ne kamar curin fura a ƙwaryar nono. In naushi ya sami haɓa, kai ya juya da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashi. Jirin nan da duhun da ke rufe ido, rauni ne a cikinta, ko da babu ɗigon jini a waje. Tana warkewa, amma a hankali, kuma in aka sake bugunta kafin ta warke ɓarnar kan ninka. Wani lokacin kuma ƙananan jijiyoyi ne ke tsinkewa, jini ya riƙa taruwa a hankali yana danne ta, mutum yana magana lafiya lau har tsawon sa'o'i kafin ya yanke jiki. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya rubuta yadda tsofaffin 'yan dambe ke komawa suna tangaɗi da lauyewar harshe kamar masu maye. Mu ma muna da irinsu a unguwanninmu, sai dai mukan ce sammu ne, ko asirin da suka sha ne ya juye musu.

Shi ya sa a damben boksin ake dakatar da wanda aka sumar aƙalla kwana 30, wasu hukumomin ma fiye, ko atisayen naushi ba a yarda ya yi ba. A ganina damben gargajiyarmu ya fi boksin hikima ta fuska ɗaya: da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, babu ƙirga goma a tashe ka a ci gaba da jibgar kanka. Amma wannan hikimar muna zubar da ita, tunda wanda aka kashe yau ana iya ganinsa gobe ya fito neman abokin karawa, kuma ba mai ce masa koma. Mai gidan dambe yana son 'yan kallo, ɓangarenka, Kudu ne ko Arewa ko Guramada, yana son a wanke masa fuska, kai kuma kana son kuɗin liƙi. Cikin dukkanku kai kaɗai ne za ka tsufa da wannan kan.

Kuskurena na biyu ya fi damuna, don wani na yi wa. Bayan na dawo fage na koma dambe da ƙiyayya. Na ɗauka zafin zuciya shi ne jarumta. Wata rana na sami wani yaro, gwiwarsa ta riga ta nufi ƙasa, alƙali ya taso, na ƙara masa a muƙamuƙi. Fage ya kaure da ihu, aka yi mini ruwan kuɗi. Ubangidana bai ce mini uffan ba sai washegari, ya ce in sa riga in biyo shi. Muka sami yaron a ɗakin mahaifiyarsa ana ba shi kunu da cokali, bakinsa ba ya buɗuwa. Ashe shi ne ke ciyar da gidan. Cikin masu ihun jiya babu ko mutum ɗaya a wurin. Uwar ta amsa gaisuwarmu, har ta sa aka kawo mana ruwa, ni kuwa da ma zagina ta yi.

Ku gane, wanda ke tsaye gabanku a fage abokin sana'a ne. In ba shi, ba ku da abin nunawa. Ya yarda ku nause shi bisa sharaɗi, a cikin turmi, da hannun da aka duba, kuma ku tsaya in an ce ku tsaya. Duk abin da ya wuce wannan, ko cusa wani abu cikin zare ne, ko dukan ƙeya, ko ƙari bayan kisa, cin amana ne kawai, ko da 'yan kallo sun yi tafi.

Ko wanda bai karya doka ba ma nauyin ba ya barinsa. A Yunin 1982 wani ɗan boksin ɗan Najeriya da ake kira Young Ali ya kara da Barry McGuigan a Landan. An sumar da shi a turmi na shida, ya yi watanni bai farfaɗo ba, ya rasu. McGuigan bai yi maguɗi ba, amma sai da ya yi tunanin barin dambe ɗungurungum, kuma da ya ci kambun duniya a 1985 sunan Young Ali ya ambata, ya sadaukar masa da nasarar. A shekarar 1982 ɗin dai Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ya mutu bayan karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, abin da ya sa hukumar boksin ta duniya, WBC, ta rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12.

Ku dubi kuma wanda kuke bi. A Manila, 1975, Joe Frazier ya gama turmi na 14 da Muhammad Ali idanunsa sun kumbura ba ya gani sosai. Saura turmi ɗaya tak, ga kambun duniya, shi kuma yana roƙon a bar shi ya fita. Mai horar da shi, Eddie Futch, ya hana. Irin wannan ubangidan za ku nema, wanda zai iya jure fushinku. Ɗan dambe ba ya iya yi wa kansa hukunci a wannan hali, don abin da zai yi hukuncin da shi shi ne aka girgiza. Wanda ke miƙo maka tramol ko wiwi kafin ka shiga, yana cewa ai namiji ba ya jin ciwo, rabonsa yake lissafi. Laya da guru kuwa ba zan yi gardama da kowa a kansu ba, na ɗaura su iya ɗaurawa ranar da aka kashe ni.

Robar kare haƙori ba ta da tsada, ku saya, ku bar masu dariya su yi. In an kashe ka kisan da ya sa ka ga duhu, ka huta wata guda cur, kuma ko watan ya cika, muddin akwai ciwon kai ko jiri ba ka warke ba. In abokinka ne ya suma, kada a finciko shi ta wuya, kada a ɗura masa ruwa. Daren nan kada ya kwana shi kaɗai. In ciwon kan yana ƙaruwa, ko yana ta amai, ko barci ya danne shi ba ya tasuwa, ko maganarsa ta rikice, ko gefen jikinsa ɗaya ya saki, ko ruwa ko jini na fita ta kunne, ba aikin kemis ba ne kuma ba a jiran gari ya waye. A nemi mota a kai shi babban asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a gaya wa likita gaskiya cewa naushi ya sha, da lokacin da ya sha shi, da duk ƙwayar da ya haɗiya kafin ya shiga fage.