Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tukunyar Inna

A makon jiya na tsaya ne a daren da aka kai ni ɗakin miji a Unguwar Rogo da ke Jos, na kuma yi alkawarin yau za mu shiga labarin haihuwar fari. Ku yi mini afuwa, ba zan iya ba. Ranar Asabar aka yi bikin jikar Baffa a Rikkos. Muna tsakar gida ana ƙulla alkaki da cincin a leda, sai hira ta gangaro kan matan da suka fi burge mutane. Wata malamar Islamiyya ta ce Nana Asma'u, wata 'yar jami'a ta ce Sarauniya Amina, amarya ma daga cikin lulluɓi ta ambaci wata mai sayar da kayan mata a Facebook, aka yi dariya. Sai 'yar Baffa ta biyu, kun dai san ta, ta juyo ta dube ni ta ce, "Ai mu a zuri'armu ba a yi mai haƙuri irin Inna ba, Allah ya jiƙanta." Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, tunda addu'a ce. Amma daga ranar har yau ban yi barcin kirki ba.

Inna ba mai haƙuri ba ce, ba irin haƙurin da suke nufi ba. Haƙuri da hukuncin Allah kam ta yi shi, 'ya'ya uku ta binne tun suna goye, ba wanda ya taɓa jin ta ce don me. Amma haƙurin da ake ba mace don a ci haƙƙinta ta yi shiru, wannan ko sunansa ba ta son ji. Kullum maganarta ɗaya ce: "In kin ji ana yabon mace da haƙuri, leƙa tukunyarta." Ina ƙarama na ɗauka zancen tuwo take yi.

Ga waɗanda suka same mu a tsakiya, ba Inna ce ta haife ni ba. Kishiyar mahaifiyata ce, uwargidan Baba. Ina da shekara uku auren mahaifiyata ya mutu ta koma Ningi, aka bar ni a gidanmu na Gangare, gidan da kakanmu ya gina da kuɗin kuza. Ban san ranar da Inna ta ɗauke ni ba. Na dai buɗe ido na gan ni a bayanta, da ƙamshin man gyaɗa da hayaƙin itace a zaninta. Waina take yi. Wanda bai san sanyin Jos na watan Disamba ba ba zai gane abin da ake nufi da mace ta tashi kafin kiran assalatu ta sa hannu a ƙullun da ya kwana a waje ba. Yatsunta duk sun tsage. Da dare ni nake shafa mata man kaɗanya, tana lissafin ciniki da baki, kwabo da sisi da sule, ba ta taɓa ɓata ba.

A 1976 da aka buɗe karatun firamare kyauta na UPE, ita ta kama hannuna ta kai ni, Baba yana kan hanyar Maiduguri da mota. Aka ce in ɗora hannu bisa kai in taɓa kunne, na taɓa, aka rubuta ni. Da na kai aji huɗu ta sayo littafin rubutu ta ce daga yau ni ce magatakardar adashinta, don ta gaji da zane bango da gawayi. Littafin nan yana cikin akwatina. Zan dawo kansa.

Baba ya rasu a 1981. Inna ba ta fita takaba ba Baffa ya fara zuwa da mutane suna auna gida da ido. Shi ne babba, shi ne waliyyina, kuma a lokacin matar ƙani ba ta ɗaga ido ta dubi yayan miji, balle ta mayar masa da magana. Shawararsa biyu ce: a sayar da gida, ni kuma da na gama aji shida a ba wani abokin cinikinsa na kasuwar Katako. Inna ta bari sai da wata huɗu da kwana goma suka cika. Washegari ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta mai ganye, ta durƙusa a zaure ta gaishe shi kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Yaya, ni ba ni da ɗa a gidan nan, tumunin takaba kawai nake da shi. Amma yarinyar nan marainiya ce, kuma rabonta Allah ne ya yanka mata. A kira malamai a raba a gaban kowa. In ba haka ba, da ƙafata zan je gaban alƙali." Ina laɓe a bayan ƙyaure. Baffa ya ce, "Ki yi haƙuri mana." Ta ce, "Na yi, Yaya, wata huɗu da kwana goma."

Aka raba gado. Gida bai sayu ba. Shekara bakwai Baffa bai taka ƙofarmu ba, ya hana matansa sayen wainarmu, aka riƙa kiranta mai idon kuɗi, mai tsaurin ido, juya mai riƙon ɗan wani. A bakin matan gidansa na fara jin kalmar juya. Yau 'yarsa ce take kiranta mai haƙuri a gaban jama'a. To da wane bakin?

Kwallayenta da tasoshin jerenta ta sayar ɗaya bayan ɗaya har na gama sakandare na wuce Fankshin karatun malanta. Shekara 30 na yi ina riƙe alli, kuma na koyar da labarin manyan mata ba sau ɗaya ba. Ina son su har zuciya. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis ta ɗora musu malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru, tun kafin rasuwarta a 1864. Ladi Kwali da yumɓu ta kai inda hotonta ya hau bayan naira 20. Sai dai duk sanda na tsaya gaban allo ina faɗin waɗannan, fuskar da nake gani ta mai waina ce. Ita kuwa Inna gwanarta ɗaya ce a duniya, Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU. Gidansu Inna gidan NEPU ne tun tana budurwa. Takan ce macen da aka ɗaure fiye da sau 10 ta fito ba ta sauya baki ba, ita ce mace. A zaɓen 1979, karon farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, tun da sassafe ta kashe wutar tanda ta tafi layi, ranar ba a ci wainarta a Gangare ba. Da rediyo ya faɗi rasuwar Gambo a watan Oktoban 2001, ta ajiye ludayi ta yi ta hawaye kamar 'yar uwarta ce, alhali ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba.

Wata guda ke nan da abin da ya same mu, rikicin Jos na ranar Juma'a 7 ga Satumba. Wannan ba zan buɗe shi yau ba, yana da nasa makon. Garin dai ya rabu, kowa ya koma inda nasa suke. Ba mu gama farfaɗowa ba, a Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Mata 20 ne a adashin Inna a lokacin, zubin mako-mako. 12 sun riga sun kwasa, kuma 7 daga cikinsu kayansu na cikin kasuwar, sun wayi gari ba su da ko allura. Saura mata 8 da suka yi ta zubi ba su ɗauka ba. Kowa ya ce adashi ya mutu, ƙaddara ce, a yi haƙuri. Inna ta ce, "Da bakina na ce su kawo." Ta ciro kuɗin kujerar Makka da ta yi shekara 11 tana tarawa, ta haɗa da ɗan kunnenta na gwal da tumaki biyu, ta cike wa kowa kwasarta a ranar da aka yi alkawari.

Ta ƙarshe a layi wata Birom ce mai kawo mana dankali da acca daga wajen Vom, wadda tun Satumba ba ta sake shigowa unguwarmu ba. Mijina ya ce a aika. Inna ta ce amana ba ta da ɗan aike. Ta ƙulle kuɗin a bakin zani, na raka ta har Gada Biyu, ƙirjina yana dukan uku-uku. Matar ta ƙirga, ta rungume ta, suka tsaya a bakin titi suna kuka mutane na kallo.

Kada kuma ku ɗauka yafewa ta yi. Matan nan 7 bin su ta yi shekara shida, naira hamsin yau, ɗari gobe, ni ina sokewa a littafi. Wadda ta ga tana da hali tana noƙewa, har gida take samunta ta zauna a tabarma ta ce ba ta tashi. Wadda ta ga babu, ita take kai mata waina. Kuɗin sun dawo a lokacin da kujera ta ninka, ƙafafunta kuma sun ƙi. Har ta koma ga Allah a 2011 ba a kira ta Hajiya ba. Matan Baffa kuwa duk sun je, wata sau biyu.

Akwai abin da na tsallake a makon jiya, da gangan. Ranar bikina a 1990 dangin mahaifiyata suka zo daga Ningi mota guda. Mahaifiyata tana da haƙƙi a kaina, ban musa ba, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma su suka zauna a ɗakin uwar amarya, su aka yi wa barka, su suka karɓi gudummawa. Inna tana bayan gida wajen tukwane tun asuba, da tsohon zani. Gadon da aka kai ni da shi da kwanukan da aka jera, guminta ne. Na gan ta ta taga lokacin da ake sa mini lalle, na ce a raina bari a gama zan kira ta. Ban kira ta ba. Kunya na ji, kada a ce na fifita kishiyar uwa a kan uwa. Matar da ta tsaya gaban Baffa saboda ni, ni na kasa buɗe baki a gaban mata saboda ita. Bayan shekaru na roƙe ta gafara, ta ce, "Ke 'yar nan, ranar ai na leƙa tukunyata, a cike take." Ban san ko don ta sanyaya mini rai ta faɗa ba. Ni dai bai sanyaya ba.

A zaman makokinta ma haka aka yi ta yi, mai haƙuri, mai haƙuri, har da waɗanda suka hana a ci wainarta. Na yi shiru a ranar don gawa ba ta daɗe da fita ba. Ranar Asabar ma na yi shiru don biki ne. Jiya na ciro littafin adashin na karkaɗe shi, bangonsa ya cinye amma rubutuna na aji huɗu yana nan. A shafin 2002, cikin matan nan 7, suna ɗaya ne ban soke ba har yau, kuma 'yar Baffa ta san sunan wace ce. Jibi in Allah ya kai mu zan je Rikkos yi musu ban gajiya, da littafin a jakata.

Labarin haihuwar fari sai mako mai zuwa.