Kafin Ka Naɗa Mai Karɓar Ƙorafin Cin Zarafi a Wurin Aiki

Ku ƙannenmu da kuka fara riƙe sashen kula da ma'aikata, ko aka damƙa muku ragamar ƙaramin kamfani, asibiti, makaranta ko ƙungiyar agaji, ranar na nan tafe da za a ce ku fitar da sunan wanda zai riƙa karɓar ƙorafin cin zarafi da rahoton saɓa ƙa'ida. Mu da muka riga ku shiga harkar mun ɓata makonni muna tsara takardar ƙa'idoji, amma zaɓen mutumin sai muka yi shi a gurguje, a ƙarshen mitin, kowa na tattara takardunsa. Daga nan matsalarmu ta faro. Ma'aikaciyar da oganta ke matsa wa ba ta da lokacin karanta shafi ashirin. Fuskar wanda za ta gaya wa take dubawa, tana tambayar zuciyarta: in na buɗe baki yau, wa zai ji gobe?

Wanda hannu ya fi saurin nunawa shi ne dattijon ofis, mai haƙuri, wanda kowa ke gaisarwa da ladabi. Mun sha naɗa irinsa, kuma niyyarsa kyakkyawa ce. Sai dai dattijon ya taso ne a kan sulhu da rufin asiri. Yarinya za ta zauna gabansa tana murza bakin mayafinta, da ƙyar ta iya faɗin rabin abin da ya faru, sai ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, ai kamar uba yake a gare ki. Zan kira shi in ja masa kunne, ki bar wa Allah." Ta ce, "To Baba, na gode," ta tashi. Ba a rubuta komai ba. Sulhu na aiki tsakanin sa'o'i biyu da suka yi cacar baki kan motar ofis. Amma inda ɗaya ke riƙe da albashin ɗaya, da hutunta, da ƙarin girmanta, haƙurin da ta bayar na dole ne. Abin da ya fi muni, tunda babu rubutu, mutumin da ya taɓa mata uku a cikin shekara biyu, duk lokacin da aka kawo shi sai ya zama kamar yau ya fara. Ku girmama dattijon, ku nemi shawararsa a wasu al'amura, wannan kujerar dai ba tasa ba ce.

Sannan ku duba wa ke sama da wanda za ku naɗa. Tambayoyi uku sun isa: wa ke sa hannu a takardar auna ƙwazonsa, wa ke ba shi hutu, wa ke iya sauya masa wurin aiki? Idan amsar duka manajan darakta ce, to duk ƙorafin da ya shafi manajan ko na hannun damansa ya mutu tun a bakin ƙofa, an ba kura ajiyar nama. Shugaban sashen kula da ma'aikata yakan faɗa cikin wannan tarko ba da son ransa ba. Mafita ita ce takardar naɗin ta ba jami'in hanya kai tsaye zuwa kwamitin binciken kuɗi na hukumar daraktoci, ko kwamitin amintattu in ƙungiya ce. Ƙa'idojin gudanar da kamfanoni na Najeriya na 2018 ma a wuyan hukumar daraktoci suka ɗora nauyin samar da hanyar kwarmata bayanai. A kamfanin gida, inda mai shi uba ne, manaja ɗansa, akanta surukinsa, babu wani na ciki da zai iya. Ku ɗauko lauya ko ƙwararriya daga waje, ku ƙulla yarjejeniya da ita, ku liƙa lambar wayarta inda leburori ke gani.

Mutum ɗaya bai isa ba, ko da waliyyi ne. Zai yi tafiya, zai yi jinya, wata rana ƙaninsa ko ɗan garinsu ake ƙara. Mafi ƙaranci biyu, mace da namiji, daga sassa daban-daban. Akwai maganar da mace ba za ta iya furta ta gaban namiji ba saboda kunya, akwai kuma namijin da aka ci zarafinsa da ba zai iya kallon mace ya faɗa ba. Indiya ta mayar da wannan doka tun 2013: duk wurin aiki mai ma'aikata 10 zuwa sama sai ya kafa kwamitin cikin gida, babbar ma'aikaciya mace ta shugabance shi, aƙalla rabin membobin mata, da mutum ɗaya daga waje, kuma wa'adinsu ba ya wuce shekara uku. Dokar ba ta hau kanmu ba, amma tsarin ya cancanci aro. Ku kuma tabbatar ɗaya daga cikinsu na jin harshen da masu shara, direbobi da masu gadi ke yi. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kuma Najeriya ta rattaba mata hannu a 2022, ta haɗa har da masu koyon aiki, 'yan sa-kai da masu neman aiki, ta kuma haɗa abin da ya faru a tafiyar aiki, a hanyar zuwa ofis, ko ta saƙon waya. A wurarenmu, 'yan bautar ƙasa da ma'aikatan kwantiragi su ne suka fi rauni, su ne kuma ba a cika gaya musu inda za su kai kuka ba.

Wani kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne zuba rahotanni iri biyu a hannu ɗaya. Rahoton rasit na bogi, kwangilar da aka ba ɗan'uwa, ko injin da aka cire wa murfin kariya, aikin odita ne ko jami'in tsaron lafiya, mutanen da ke bin takarda da lamba. Ƙorafin neman lalata ko tsangwama kuwa sau da yawa babu takarda, sai magana da saƙonnin waya da wanda ya ga fitowarta tana kuka. Oditan da ya ƙware a titsiye zai yi wa mai ƙorafi tambayoyi kamar ita ce ɓarauniyar. A bar ƙofar shiga ɗaya don kada mutane su ruɗe, amma a ciki hanya ta rabu biyu. Haka nan wanda ya karɓa, da wanda ya bincika, da wanda ya yanke hukunci, kada su zama mutum guda.

To, yaya ake gane wanda ya dace? Ku fara da ma'aikatan da kansu. Ku raba ƙananan takardu, kowa ya rubuta sunaye biyu na waɗanda zai iya gaya wa damuwarsa, ba tare da ya sa nasa sunan ba. Sau da yawa sunan da ke fitowa na wata nas ce ko magatakarda mai matsakaicin muƙami wanda shugabanni ba su taɓa tunaninsa ba. Ku duba fayil ɗin duk wanda ya fito, ko an taɓa kai ƙararsa. Ku saurari yadda yake hira a motar ma'aikata ko wurin mai shayi. Mai ba da labarin gidan wasu don a yi dariya, zai ba da wannan ma.

Daga nan ku gwada shi na minti 15. Wani ya zauna a matsayin mai ƙorafi, ku kuna gefe. Ku lura ko yana katse magana. Ku lura ko ya tambayi wane kaya ta sa, ko me ya kai ta ofishinsa bayan an tashi, ko me ya sa sai yanzu ta faɗa. Wanda ya yi waɗannan tambayoyin ya riga ya yanke hukunci a ransa. Haka wanda ya buga tebur ya ce wallahi sai an kori wanda ake ƙara, shi ma bai dace ba, don bai ji ɓangaren wanda ake zargi ba tukuna. Mafi wuyar ganewa shi ne mai alkawarin cewa babu wanda zai ji. Alkawari ne da ba zai cika ba, domin bincike ba ya yiwuwa sai an gaya wa wanda ake zargi abin da ake zarginsa da shi. Abin da ya kamata ya fito daga bakinsa shi ne: "Ba zan gaya wa kowa ba sai waɗanda bincike ya wajabta, kuma kafin in gaya musu ke zan fara sanarwa." Bayan gwajin ku karɓi abin da ya rubuta. Kuna neman rana, lokaci, wuri, ainihin kalmomin da aka furta, da sunayen waɗanda ke kusa. In kun ga "da alama gaskiya take faɗa" ko "tana da rawar kai", ra'ayinsa ya shigar.

Wannan rubutun ne zai tsaya muku in magana ta kai kotu. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya da cin zarafin lalata a wurin aiki. Mai ƙorafi na iya kai ku don kun yi burus, wanda kuka kora ma na iya kai ku don ba ku ba shi damar kare kansa ba.

In kun naɗa, ku ba shi kayan aiki. A rage masa wani abu daga aikinsa na yau da kullum, in ba haka ba ƙorafi zai kwana uku a aljihun tebur. A sa masa wa'adi a rubuce. Tarayyar Turai a dokarta ta 2019 ta ce a sanar da mai rahoto an karɓa cikin kwana 7, a ba shi bayanin matakin da aka ɗauka cikin wata uku. Indiya ta ba da kwana 90 a kammala bincike. Kowane ƙorafi ya samu lamba a rajista, fayil ɗin ya zauna a kabad mai makulli, kada ya shiga WhatsApp ɗin wayar da yaransa ke wasa da ita da daddare. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan ajiya. Hoton saƙon waya kuma a ɗauke shi yadda lambar mai aikowa da kwanan wata za su fito. Ɗakin ganawa kada ya kasance a barandar da manaja ke hangen mai shiga, akwatin ƙorafi kuma kada a rataye shi ƙarƙashin kyamarar tsaro. Mun ga akwatin da ya shekara babu ko takarda ɗaya, aka yi ta murna wai ofis lafiya lau.

Bi-ta-da-ƙulli ba ya zuwa da takardar kora. Yana zuwa ne a mayar da mai ƙorafi aikin dare, a cire sunanta daga jerin masu zuwa horo, a daina amsa gaisuwarta. Don haka jami'in ya koma wurinta bayan wata ɗaya, ya sake komawa bayan wata uku, ya duba jadawalin aikinta da sakamakon auna ƙwazonta ya kwatanta da na baya. In dole a raba su lokacin bincike, wanda ake zargi ake matsarwa, sai fa in ita ta nemi sauyi da kanta. Shi ma jami'in ana yi masa irin wannan ƙullin, musamman ran da ya taɓa babba. Ku rubuta a takardar naɗinsa cewa wa'adinsa shekara biyu ne ko uku, ba a cire shi ko a sauya masa gari kafin lokacin sai da amincewar hukumar daraktoci, kuma duk ƙorafin da ya shafi danginsa, surukansa ko wanda ke sama da shi kai tsaye, zai miƙa wa abokiyar aikinsa a ranar da ya karɓa.