Laraba, a wurin likitan haƙori

Rabin yinina yau a wurin likitan haƙori ya ƙare. Ƙanwata na raka. Turminta na ƙasa ke mata zugi duk sanda ta sha abu mai sanyi, alhali ba kogo, ba kumburi. Likitan ya leƙa da ɗan madubinsa, ya ba ta wata 'yar roba ta ciza. Tana sakin cizon ta zabura. Ya ɗago ya ce, "Malama, kina tauna ƙanƙara?"

Ni na riga ta amsawa. Yarinyar nan kofi take cikawa, ta zauna tana ƙurus-ƙurus har na kusa da ita ya ji nasa haƙoran suna tsami. Ta harare ni ta ce, "Haba Yaya, ai ruwa ne kawai, ko sukari babu."

Nan likita ya gyara zama. Ya ce farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi komai tauri a jikin mutum, har ƙashi, don kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Sai dai taurinsa irin na tangaran ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, kuma in ya ɓantare ba ya sake tofowa. Ƙanƙara ga tauri ga sanyi. Sanyin ya sa ɓawon ya tsuke, ɗumin baki ya sake shi, ƙarfin muƙamuƙi ya danna. Tsagar kan fara siririya, ido ba ya ganinta, har ta kai sashen da ke ƙarƙashin ɓawon, mai ƙananan hanyoyi zuwa jijiya. Zafin da ta ji da ta saki cizo alamar hakan ce. Wanda aka yi wa ciko ko aka sa wa waya, nasa ya fi saurin lalacewa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya janyo fatar idonta ta ƙasa ya duba, ya tambaye ta ko tana yawan gajiya da jiri. Ta ce sosai ma. Ashe kwaɗayin ƙanƙara irin wanda mutum ba ya iya haƙura yakan zo tare da ƙarancin sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, musamman ga masu juna biyu da masu yawan zubar jinin al'ada. Abin mamaki, ƙanƙarar ba ta da ayon ko ɗigo. Da yawa in an magance ƙarancin, kwaɗayin kan tafi da kansa. A ganina faɗa bai taɓa raba irin waɗannan da ƙanƙara ba, ɓata baki ne kawai.

Ya rubuta mata gwajin jini, ya ce haƙorin hula za a sa masa, wato murfin da zai lulluɓe shi, kafin tsagar ta kai saiwa, don in ta kai sai cirewa. Kafin nan, in abin ya motsa ta tsotsa har ta narke, ban da tauna. Gobe da safe za mu je a ɗebi jinin.