Sabon maganin sikila ya shigo Saudiyya, to mu ƴan Makka da Jidda ina muka tsaya?

Har yanzu ana ta tura saƙon nan a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, wai Turawa sun gano maganin sikila, ana yi wa mutum allura ɗaya shikenan ya rabu da ciwon har abada, wasu ma har ƙarawa suke yi da cewa a nan Saudiyya kyauta ake yi wa kowa. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙarin gishiri mai yawa, kuma ni abin da ke damuna shi ne iyayen da ke ɗauke da yaro mai sikila su ne suke karanta wannan saƙon da tsakar dare lokacin da yaron ke kuka, don haka bai kamata a riƙa wasa da zuciyarsu ba.

Maganin sunansa Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka haɗa shi. Birtaniya ce ta fara amincewa da shi a watan Nuwamba 2023, Amurka da Bahrain suka biyo baya a Disamba, sai hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta ba shi izini a Janairun 2024, ga masu shekara 12 zuwa sama. Fasahar da aka yi amfani da ita ita ce CRISPR, wadda ake gyara ƙwayar halitta da ita, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020. Kuma wallahi sakamakon ba ƙarami ba ne, a cikin mutum 31 da hukumar magunguna ta Amurka ta duba bayanansu, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ciwon bai tashi musu ba, mutanen da a da kusan asibiti ne gidansu na biyu. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san mene ne shekara guda babu tashin ciwo.

Yadda yake aiki ne ya fi burge ni. Jariri a ciki yana da wani nau'in jini nasa daban, likitoci na ce masa HbF, wannan jinin baya lanƙwashewa ya zama kamar lauje irin yadda na mai sikila ke yi, shi ya sa jaririn da aka haifa da SS, wato ya gaji sikila daga uwa da uba, yake lafiyarsa ƙalau watannin farko, sai ya doshi wata shida ne za a fara ganin hannu da ƙafa na kumbura. Bayan haihuwa jiki da kansa yake kashe wancan jinin na jarirai ta hanyar wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A. To masu binciken sai suka ce bari mu taɓa ita wannan mai kashewar, jiki ya koma yin jinin jarirai. Kuma ka san wani abu, ƙasar nan da muke zaune tana cikin wuraren da suka nuna wa likitoci cewa hanyar za ta ɓulle, domin an daɗe da lura cewa masu sikila na gabashin Saudiyya, wajen Ƙaɗif da Ahsa, da yawansu ciwonsu ya fi sauƙi a yarinta saboda jikinsu na riƙe HbF da yawa, saɓanin na kudu wajen Jizan da nasu ya yi kama da namu na Afirka ta Yamma, mai tsanani.

Amma batun allura ɗaya kam a bar shi. Sai an tatsi ƙwayoyin ɓargo daga jinin mara lafiya, wani lokaci ba zama ɗaya ba, a aika da su ɗakin gwaji a ƙasar waje a gyara, a jira watanni, sannan a ba shi maganin ciwon daji mai ƙarfi da ake kira busulfan ya share tsohon ɓargon, kafin a mayar masa da gyararrun, ya kwanta a ɗakin da aka killace na makonni yana jiran jini ya farfaɗo. Gashi na zubewa, baki na yin gyambo, kuma akwai babban haɗarin rasa haihuwa, wanda a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, wato sama da riyal miliyan 8. Ɗan ƙasa yana iya sa ran gwamnatinsa ta ɗauke masa. Mu kuma a cikinmu akwai mai iƙama, wato takardar zama, da ta'amin, wato inshorar lafiya, akwai mai iƙama babu ta'amin na kirki, akwai wanda a nan aka haifi kakansa amma har yau ba shi da takarda ko ɗaya, kowa dai ya san gidan da yake ciki.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, Goggo muke ce mata duk unguwar, tana riƙon jikanta ɗan shekara bakwai mai SS. Idan ciwon ya tashi za ka same ta ta kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, duk zafin Makka, ta tafasa ruwa ta jiƙa tawul tana gasa masa gwiwoyi, shi kuma ya dunƙule a kan katifa idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, baya ma iya kuka da ƙarfi sai nishi. Ita ce ta miƙo min wayarta ta ce, ɗan nan duba min, wannan maganin da ake faɗa a ina ake samunsa, ko zoben hannuna ne sai in sayar. Na ce Goggo wannan ba namu ba ne tukuna, amma an taɓa ɗora shi a kan hydroxyurea? Ba ta taɓa jin sunan ba. Shekara bakwai ana kai yaron mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a sa masa ruwa a ba shi maganin ciwo a sallame su, babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani.

Wannan shi ne abin da ya sa na yi rubutun nan. Hydroxyurea tsohon magani ne, tun 1998 Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila, ƙwaya ce ake sha kullum, kuma aikinta kusan ɗaya ne da na wancan mai miliyoyin, tana ɗaga HbF a jini, sai dai ba ta warkarwa, tana rage tashin ciwo ne, tana kuma rage yawan ƙarin jini. An daɗe ana ɗari-ɗari da ba yaran Afirka saboda tsoron zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki, sai binciken REACH da aka yi a Angola, Kongo, Kenya da Uganda ya fito a 2019, aka ga yaran sun samu sauƙin ciwo, mace-mace sun ragu, kai har zazzaɓin cizon sauron ma ya ragu da kusan rabi, abin da ba a yi zato ba.

Wanda ya fi faranta min rai kuma a gida aka yi shi. Binciken SPRING, likitocinmu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sakamakon ya fito a 2022. Matsalar da suka tunkara ita ce shanyewar ɓarin jiki, domin kusan ɗaya cikin goma na yara masu SS na gamuwa da ita kafin su girma idan ba a sa ido ba. Akwai wani awo da ake ce wa TCD, ɗan na'ura ce ake ɗorawa a gefen kan yaro ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba zafi ba allura, idan gudun ya yi yawa to yaron na cikin haɗari. A ƙasashen masu kuɗi sai a riƙa yi masa ƙarin jini duk wata, abin da talaka ba zai iya jurewa ba. Su likitocin Kano sai suka nuna cewa hydroxyurea ko da ƙaramin awo ne yana kare yaran sosai. Duk mai yaro SS daga shekara 2 zuwa 16 ya buɗe baki ya tambayi likita awon TCD ɗin sau ɗaya a shekara. Kuma don Allah kar wani ya je saidaliyya, wato kantin magani, ya sayi hydroxyurea ya fara ba yaro da kansa, maganin na rage ƙwayoyin jini, dole sai ana awon jini lokaci-lokaci likita na daidaita shi da nauyin yaron.

Ba kowane sabon magani ne kuma ke ɗorewa ba, Oxbryta da aka yi ta murna da shi kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa a Satumba 2024 saboda bayanan da suka nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. In akwai mai sauransa a gida da wani ya aiko masa, ya kai wa likita.

Sai maganar da ba ma son a yi, aure. Tun 2004 Saudiyya ta wajabta wa ƴan ƙasarta gwajin sikila da talasimiya, wani ciwon jini na gado, kafin ɗaurin aure, ba ta hana auren ba idan sakamako ya nuna haɗari, amma dai sai kun sani kafin ku shiga. Mu kuwa da yawan aurenmu a falon gida ake ɗaurawa, waliyyi da shaidu da malam da dabino, ba wanda ya tambayi takardar jini, ga auren zumunci da ya yi mana yawa saboda mu ƴan kaɗan ne kuma kowa ɗan uwan kowa ne, alhali a Najeriya inda asalin yawancinmu yake kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba shi da ciwon. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki fa da lissafinsa, ba wai in na fari ya zo da shi sauran ukun sun tsira ba, na san gidan da uku a jere suka zo da shi. In ka yi magana sai a ce maka ai cuta da lafiya na Allah ne. Na Allah ne, kuma shi ya ba mu ilimin awon. Ni roƙona ga malamanmu masu ɗaura aure a unguwanninmu na Shari'a Mansur da Hindawiyya da Karantina, su riƙa tambayar takardar gwajin kamar yadda suke tambayar sadaki, kuma iyaye su sa a yi shi tun kafin a kai gaisuwa, tun soyayya ba ta yi nisa ba, don raba mutum biyu bayan an sa rana abu ne mai ciwo da ba kowa ke iya yi ba.