Turke uku sun riƙe gilaida a gonar mutane

Jama'a, a ƙarshe dai na samu yadda zan bar gilaida, wato jirgin sama marar inji, ita kaɗai a gona ba tare da zuciyata na dukan uku-uku ba. Jiya iskar ɗumi mai ɗaga mu ta mutu tun kafin la'asar, na sauka a wata gona da aka girbe, nesa da filin kulob ɗinmu na tashi. Waya babu sabis, dole in taka in nemi mai gonar da wurin da zan kira masu tirelar da za su zo su ɗauki jirgin. Na dawo na tarar da ita yadda na bar ta, duk da iskar ta juya a bayana. Wallahi har yanzu murmushi nake.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne juyawar iskar nan. Duk mun san ƙa'ida: a juya jirgin iska ta riƙa zuwa daga baya ta gefe, a kwantar da fiffiken da ke ɓangaren iska, a danne shi, a bar birkin iska (faifan da ke fitowa a kan fiffike don rage ƙarfin ɗagawa) a buɗe. A filin kulob abu ne mai sauƙi, ga tsofaffin tayoyi birjik, ga mutane. A gona fa? Babu taya, babu kowa. Kuma ƙa'idar tana aiki ne muddin iska ta tsaya inda ka bar ta. Da ta kewaya ta shiga ƙarƙashin fiffiken da ke sama ko ta fuskanci hanci, magana ta canja. Jirgi mai faɗin fiffike mita 15, nauyinsa babu matuƙi bai wuce kilo 250 da wani abu ba, kuma an ƙera shi ne don ya tashi da iska kaɗan. Ƙarfin ɗagawa kuwa ba ya bin gudun iska sannu a hankali: gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Guguwar gaban hadari ɗaya ta isa ta kifar da shi.

Na gwada danne fiffike da laimar sauka, kamar yadda wasu ke yi. Ba ta da nauyin kirki, ga raɓa ga ƙasa, kuma abin da za ka dogara da shi ranar tsiya bai kamata ya kwana a turɓaya ba. Na koma buhu, in cika shi da ƙasar gonar. Ya fi, amma fiffike ɗaya kawai yake riƙewa, jela na nan tana yawo.

Yanzu ga abin da nake ɗauka a bayan kujera: turaku uku na ƙarfe masu murɗawa cikin ƙasa, madauri masu faɗi, da buhu ɗaya. Turke ɗaya a bakin fiffiken da ke ƙasa, madauri ya ratsa ta kansa da tsumma a tsakani don kada ya goge fenti. Na biyu a jela. Na uku shi ne sabon abin: igiya daga fiffiken da ke sama zuwa ƙasa, a ɗaure ta ba sako-sako ba, ba kuma a ja har fiffiken ya lanƙwasa ba. Daidaita wannan igiyar ya ba ni wahala ainun. In ta yi sako, fiffiken ya yi ta fizga yana girgiza turken har ya tuge shi. Sai da na koma murɗa turken a karkace, kansa na kallon nesa da jirgin, kafin ya zauna a ƙasa mai laushi. Sandar tuƙi na ɗaure ta da bel ɗin kujera, sitiyarin jela ma na kame shi, don iskar baya tana buga shi hagu da dama.

Shanu kam turke ba ya maganinsu. Bara sun kewaye jirgin wani abokin tashinmu, suka lashe shi, ɗaya ta sosa jikinta da murfin matuƙi ya tsage. Kuɗin sabon murfi ya cinye masa tashin shekarar gaba ɗaya. In na hango dabba a gona ko a maƙwabciyarta babu shinge, ba na matsawa ko nan da can sai wani ya zo.

Sauran kun sani: rediyo, FLARM (na'urar gargaɗin karo da wani jirgi) da laimar sauka na tafi da su, na kulle murfi na rufe shi da mayafinsa. Na kuma maƙale takarda a inda za a gani, cewa matuƙi lafiyarsa ƙalau, ba haɗari ba ne, ga lambar waya. Mai wucewa da ya ga jirgi kwance a gona babu kowa, 'yan sanda zai kira, kuma ba laifinsa ba ne.

Abin da ya rage mini shi ne busasshiyar ƙasa mai tauri, inda turken ba ya shiga ko kaɗan. Wanda ya taɓa shan wannan, yaya kuka yi?